Maharazu Fayaman da Idon Direbansa

A Loko ta Zariya, inda ake ajiye kawunan jirgin ƙasa, Maharazu ya koyi riƙe shebur, yana ɗan shekara goma sha bakwai. Ubansa ma'aikacin reluwe ne, mai ƙwanƙwasa ƙafafun tarago da guduma, shi ya kai shi. Sai da ya shekara biyu yana goge kan jirgi da tsumma kafin a bar shi ya hau ya zama fayaman, wato mai zuba wa wutar jirgi kwal. Ya bi layin Kano, ya bi na Ƙauran Namoda, har tafin hannunsa ya koma kamar ƙirgi. Da jiragen dizal suka zo aka jibge na kwal a bayan loko ciyawa ta cinye su, sai aka mai da shi ofis yana buga hatimi. Bai yi ƙarko a nan ba. A 1989 ya biyo wani babban ma'aikaci zuwa London yana tuƙa masa mota. Ma'aikacin ya koma gida, shi bai koma ba.

Shekara ashirin da shida ya yi yana tura gadajen marasa lafiya a wani asibiti. Matarsa Anatu ta rasu. 'Ya'yansa biyu suna Manchester, suna bugo waya ran Lahadi, yana yi musu Hausa suna ba shi amsa da Turanci. Yana zaune shi kaɗai a gidan haya na hukuma a unguwar Woolwich, hawa na tara. Ba wani abin kallo a rayuwarsa, in ka cire ranar Asabar da mutum guda, Gariba.

A kan wata gada suka haɗu, ranar da aka ce wani tsohon jirgin kwal zai wuce. Turawa sun cika gadar da kyamarori. Jirgin ya taho yana aman baƙin hayaƙi, ana ta tafi, sai Maharazu ya ji wani a gefensa ya yi tsaki ya ce da Hausa, "Wannan fayaman bai iya komai ba. Ya shaƙe wuta."

Maharazu ya ce, "Ko kuma direban ne ba ya ba shi iska."

Mutumin ya juyo ya dube shi sama da ƙasa. Gajere ne, ƙaƙƙarfa, ɗan zongon Sekondi ta ƙasar Gana, ya tuƙa jirgin kwal can kafin ya zo unguwar Edmonton ta London ya ƙare a gadin wurin ajiye motoci. Hausarsa ta zongo ce, mace ma "shi" yake ce mata. Ya ce, "Kai fayaman ne. Fayaman kaɗai ke ɗora wa direba laifi." Tun daga ranar Gariba bai kira shi da sunansa ba sai Fayaman, shi kuma yana ce masa Direba.

Gariba ne ya gano wani ɗan guntun layin dogo a bayan gari, mai tsawon mil bakwai, inda masu sha'awar tsofaffin jirage ke aikin sa-kai suna ɗaukar 'yan yawon buɗe ido. Suka je. Takardunsu na Afirka ba wanda ya duba, aka miƙa musu tsumma. Da furfurarsu suka sake farawa daga goge-goge, suka yi jarrabawa ɗaya bayan ɗaya, har aka ba Gariba tuƙi, aka ba Maharazu shebur. Shekara goma sha huɗu ke nan. Doreen, matar da ke tsara wanda zai hau da wanda zai sauka, tsohuwar direbar jirgin ƙarƙashin ƙasa ce, ta daina ma tambaya, kullum tare take rubuta sunayensu.

Abin ya ɓaci ne a watan Fabrairu. Akwai wata matsallaka a tsakiyar layin, inda 'yar hanyar ƙafa ke ƙetare dogo daga gona zuwa ƙauye, ba ƙofa ba fitila, sai allon da ke gaya wa direba ya busa usur tun daga nesa. Ranar wata mata ta fito daga cikin shinge da keken jariri, ta ɓangaren Gariba. Maharazu ya ɗago daga bakin wuta ya gan ta, ya dubi Gariba, ya ga idonsa a buɗe yana kallon gaba, hannunsa bai motsa ba. Shi ya yi tsalle ya ja usur. Matar ta ja da baya. Ba wanda ya sani.

Da suka kashe wuta da yamma Maharazu ya tsare shi a bayan rumfar kwal. "Direba, ba ka gan ta ba."

"Na gan shi."

"Wace irin riga ta sa?"

Gariba ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Sannan ya faɗi gaskiya. Hawan jinin ido ne. Likita ya ce yana cin gani ta gefe-gefe yana matsowa tsakiya. Yanzu kamar ta cikin bututu yake kallon duniya: abin da ke gabansa sak yana gani, abin da ke gefe babu. Ko matarsa Suweiba ba ta sani ba, maganin ɗigawa a aljihun rigar aiki yake ɓoye shi.

"A Oktoba za su yi mana medical, gwajin lafiya, za su kama ni," in ji Gariba. "Na sani. Ka bar ni in kai Oktoba da ƙafata. Kar a sauke ni kamar ɓarawo. Ka rufa mini asiri, Fayaman."

Da Maharazu mai hankali ne da ya ce a'a. Ya ce to, har da rantsuwa.

A ƙa'idar aiki fayaman yana duba ɓangarensa ne, direba ya duba nasa, kowa ya faɗa wa ɗan'uwansa abin da ya gani. Maharazu ya ɗauki duka biyun. Ya sake tsarin zuba kwal gaba ɗaya: ya riƙa cika wuta tun kafin a kai sigina ko matsallaka, don kada lokacin ya same shi a sunkuye. Ya zuba, ya jefar da shebur, ya leƙa dama, ya tsallaka bayan Gariba ya leƙa hagu, ya ce, "Hanya!" ko "Tsaya!" ko "Busa!" Da Hausa yake yi, Turawa suka ɗauka al'adar reluwen Afirka ce. Hayaƙinsa ya fara baƙi saboda yawan kwal a lokaci guda, har Doreen ta yi masa magana sau biyu. Laifin da Gariba ya zagi wani fayaman a kansa ranar haɗuwarsu, ga shi yana yi da gangan. Wata takwas yana wannan.

Asabar ta ƙarshe kafin medical, Gariba ya yi booking ɗin tarago guda cur. Ya gayyato mutanen zongo na Edmonton, su arba'in da 'yan kai, da matansu da jikokinsu. Shekara talatin suna saninsa da rigar gadi, in ya ce ya taɓa tuƙa jirgi daga Sekondi zuwa Kumasi sai a yi dariya a ce Alhaji ya fara. Yana so su gani da idonsu sau ɗaya.

Ran Laraba, saura kwana uku, Maharazu ya zame a matakalar kasuwar Woolwich da ledar doya a hannu. Wuyan hannunsa na dama ya karye, aka ɗaure shi da filasta har gwiwar hannu. Tun a asibiti, kafin zafin ya lafa, ya kira Gariba.

"Direba, a yi cancel."

"A yi cancel ɗin me? Suweiba ya riga ya sayi shinkafa buhu guda. An ɗauki coach, babbar mota."

"To ka ce ba ka da lafiya, wani ya tuƙa, mu zauna cikin tarago ni da kai."

"In zauna cikin tarago? Su ce dama ƙarya ne? Mil bakwai ne fa. Na san layin nan kamar hanyar masallaci."

"Layin ka sani. Wanda zai fito daga shinge ba ka san shi ba."

"Allah na nan," in ji Gariba, ya kashe wayar.

Ran Alhamis ya kira sau shida, ba a ɗauka ba. Ran Juma'a ya yi niyyar kiran Suweiba, ya danna lambar, ya tuna rantsuwarsa, ya ajiye. Ya roƙi Allah ya sauko da ruwan da zai sa a rufe layin. Asabar ta waye garau.

Tun ƙarfe tara yana tashar. Ya sami Doreen a ofishinta da takardar aiki a hannu, ya ce mata da Turanci yana so ya hau kan jirgi, ba zai taɓa shebur ba, tsayawa kawai zai yi.

Ta dubi filastar. Ta ce mai hannu ɗaya ba ya hawa, in jirgi ya girgiza da me zai riƙe? Ta ce ta sa Colin, ya je ya huta ya ci biki da mutanensa.

Colin tsohon malamin makaranta ne, mutumin kirki, fayaman mai bin littafi. Yana zuba kwal kaɗan-kaɗan, a kai a kai, kamar yadda ya dace, ma'ana rabin tafiyar kansa na sunkuye. Maharazu ya same shi yana shafa mai, ya ce masa ya riƙa leƙa ɓangaren direba ma, musamman wajen matsallaka. Colin ya yi dariya ya ce Gariba ya fi shi sanin matsallakar nan sau goma, in ya leƙa masa ai raini ne. Gariba na sama yana jin su. Sai ya ja usur, ƙarar ta rufe bakin kowa.

Coach ta iso. Aka sauko da kuloli na wake da shinkafa da shito, yajin mutanen Gana, mata cikin leshi, maza da manyan riguna a kan suwaita, yara suna ihu da Turanci. Da suka ga Gariba a ƙofar kan jirgi, da hular direba da jan ƙyalle a wuya, tururi na tashi a ƙarƙashinsa, wurin ya kaure. Wani dattijo ya riƙe baki yana cewa, "Ashe gaskiya ne! Gariba, ka yafe mana!" Suweiba ta tsaya tana ɗaukarsa a waya tana share ido da gefen mayafi. Maharazu bai taɓa ganin fuskar abokinsa haka ba. Ofishin Doreen taku goma ne daga inda yake tsaye. Ya dubi ƙofar, ya dubi Gariba, ya shiga tarago.

Suweiba ta zaunar da shi kusa da ita ta ɗora masa faranti a cinya. "Alhaji, ci. Ko sai an ba ka a baki?"

"Na gode, Hajiya. Sai an jima."

Jirgi ya tashi lafiya, ba fizga. Aka yi kabbara, aka yi guɗa. Maharazu ya manna kai da gilashin taga. Daga tarago ba a ganin gaba, amma ya san layin da kunne, kowace mahaɗar ƙarfe da ƙararta. Ya ƙirga mutanen taragon ba da niyya ba, ya kai arba'in da uku, ya bari. Ga wata jaririya tana barci a kafaɗar uwarta. Bayan wannan taragon akwai wasu huɗu cike da mutanen da ba su san Gariba ba, ba su ci shinkafarsa ba.

Suka wuce ƙaramar gada. Daga gadar zuwa allon busa, mahaɗa goma sha biyu ne. Ya ƙirga da leɓe. Goma. Sha ɗaya. Sha biyu. Shiru. Sha uku. Sha huɗu. Ya miƙe tsaye, farantin ya kife a ƙasa. Sha biyar. Ya kai hannun hagu ga sarƙar tsayar da jirgi. A ta sha shida usur ya yi kuka. Suka ratsa matsallakar, ya ga wani mutum da kare tsaye a bakin shinge yana ɗaga musu hannu.

"Lafiya, Alhaji?" in ji Suweiba. "Hannun ne?"

"Hannun ne."

Ba wanda ya lura an makara da busa. Shi kaɗai ya san Gariba bai ga allon ba, da ka ya tuna.

A tashar ƙarshe aka fito ana rungumar Gariba ana hoto. Minti ashirin ake tsayawa. Layin ba shi da wurin juya kan jirgi, sai dai a kwance shi ya zagaya ya kama ɗaya ƙarshen, ya ja taragai da baya-baya. A komawa direba yana tuƙi ne yana waiwaye ta kan kafaɗa, taragon kwal ya tare masa tsakiya, ƙurar kwal na shiga ido. Abin da ya rage masa na kallo gefe ne kawai. Gefen da babu.

Maharazu ya jira aka zagayo da kan jirgin, Colin ya tafi ɗebo shayi. Ya tsaya a ƙasa ya ɗaga kai.

"Direba, sun gani. Ka tuƙa, sun yi kabbara, Suweiba ta ɗauka a waya. Ya isa. Sauko."

"Saura rabi."

"Ka makara da mahaɗa huɗu."

"Na busa ko ban busa ba?"

"Akwai mutum da kare. Ka gan shi?"

Gariba ya juya yana taɓa ma'aunin ruwa.

"Don girman Allah, Gariba." Bai taɓa kiransa da suna ba. "Ka ce jiri kake ji. Ka ce komai. Ni zan tsaya maka shaida. In kana so in durƙusa a nan gaban mutanenka, zan durƙusa."

"Ka rantse, Fayaman."

"Na rantse. Zan yi kaffara."

Gariba ya sunkuyo, ya rage murya. "In ka buɗe baki ba ni kaɗai za a sauke ba. Wata takwas kana ɓoyewa. Kai ma ka gama da shebur. Me za ka yi ran Asabar? Ka zauna hawa na tara kana kallon bas?"

Gaskiya ya faɗa, kuma Maharazu ya riga ya yi wannan tunanin tun ran Laraba. Ya tsaya har mai kula da taragai ya fara rufe ƙofofi. Saura minti biyar. Doreen ta biyo jirgin, tana can ƙarshen dandamali tana magana da mai sayar da tikiti. Ya nufe ta. Bai yi kwana-kwana ba, ya ce mata direbanta ba ya ganin gefe, tun Fabrairu, kuma shi ya sani ya rufe.

Ba ta yi ihu ba. Ta yi masa kallon da ya gwammace mari. Ta taka zuwa kan jirgi, ta hau, ta tsaya a gefen Gariba, ta ɗaga yatsu a daidai kunnensa ta tambaye shi guda nawa ne. Maharazu na ƙasa yana kallo. Gariba bai juya kai ba, bai kuma yi ƙarya ba. Ya cire safar hannunsa ya ajiye a kan kujera, ya sauko da baya, yana laluben matakala da ƙafa.

Doreen ta yi musu sutura daidai gwargwado. Ta leƙa taragon ta ce al'adar layin ce direba ya koma tare da baƙinsa, ita za ta ja jirgin. Aka tafa. Aka ja Gariba tsakiya aka zaunar da shi, aka cika masa faranti, yara na rige-rigen sa hularsa. Ya yi musu dariya, ya amsa tambayoyi. Maharazu na kujerar da ke gefensa, tsakaninsu 'yar hanya. Ko Gariba ya ƙi kallonsa ne, ko ba ya ganinsa a nan, bai sani ba.

Usur ya yi kuka daidai kan allo. Maharazu ya leƙa matsallakar. Ba mutum, ba kare, ba komai sai shinge. Da Gariba ne ke tuƙi da lafiya lau za a wuce.

Da aka sauka ana loda kuloli a coach, Gariba ya zo ya tsaya gabansa sak, inda zai gan shi da kyau.

"Malam Maharazu," ya ce, "mun gode da zuwa. Allah ya ba da lafiyar hannu." Ya shiga mota.

Bayan mako biyu wasiƙa ta zo. An gode masa da aikin shekara goma sha huɗu, an ce ba zai sake hawa kan jirgi ba, amma in yana so akwai aikin shara da fenti a tasha. Bai ba da amsa ba. Ya ciyar da miskinai goma ta hannun masallaci saboda rantsuwar da ya karya.

Suweiba ta ji komai daga bakin mijinta a daren ranar. Ita ta kira Maharazu, ta zage shi tas a kan wata takwas ɗin, ta ce da jikokinta a cikin jirgin nan, sannan ta ce Allah ya saka masa da alheri a kan minti biyar ɗin. Ya tambaye ta ko zai iya zuwa. Ta ce gidan ba nata ba ne ita kaɗai, amma kicin nata ne.

Yanzu duk Asabar yana hawa jirgin Elizabeth line daga Woolwich, ya canza zuwa na Overground, ya sauka Edmonton. Suweiba ta buɗe masa, ya zauna a kicin ya sha shayi. Gariba na falo, ƙofa a rufe, ana jin rediyonsa. An cire filastar tun Nuwamba, hannun bai koma daidai ba, ko buta da ƙyar yake ɗagawa. Idon Gariba kuwa sai ƙara tsukewa yake, ya daina fita shi kaɗai.

Makon jiya Suweiba ta shiga falon ta daɗe, ta fito ta tsaya a bakin kicin tana goge hannu da zani.

"Alhaji, ya ce in gaya maka ka daina wahalar da kanka. Ya ce ba zai fito ba, ko bana ko baɗi."

Maharazu ya shanye sauran shayin, ya wanke kofin da hannun hagu, ya kife shi. Ya sa hularsa.

"To, Hajiya. Asabar mai zuwa kuna gida?"

Ta ce suna gida, ina za su.